Ba a Ɗauke Mini Alƙalami Ba

Wata uku da dawowata daga asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, babu wanda ya yi mini faɗa ko sau ɗaya a gidanmu. Wanda bai san gidan ba zai ce to ai wannan alheri ne. Gidan malamai ne a bayan Hubbare, inda ko buta ka ajiye a karkace sai an yi maka wa'azi a kanta, kuma ni Khaula a cikin faɗa na tashi, na sha nawa, na shayar da na ƙasa da ni. Amma tun da aka sallamo ni kowa ya koma yi mini magana da wata murya mai laushi, irin wadda ake yi wa jinjiri mai zazzaɓi. Na tsani muryar nan, har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci.

Ranar da abin ya kai mini wuya ita ce ranar da na fasa wa Inna, mahaifiyarmu, kwanon tangaran da ta zo da shi daga Makka. Ba ciwo ne ya sa na fasa shi ba, sakarci ne kawai: na ɗauko shi da hannu ɗaya ina duba waya da ɗayan. Kwanon nan ko jikokinta ba ta bari su taɓa. Na tsaya ina jiran ruwan masifa, har da ɗan daɗi a raina. Inna ta buɗe baki, sai yayana Sharifuddeen, wanda ya gaji zauren karatun Baba, ya ɗaga mata hannu daga inda yake alwala.

"Bar ta, Inna. An ɗauke mata alƙalami."

Inna ta haɗiye maganarta, ta ce, "Sannu ɗiyata, ba ki dai yanke ba ko?" Ta ɗauko tsintsiya da kanta.

Duk wanda ya zauna a gaban malami ya san abin da Yaya yake nufi. Mutum uku ne ba a rubuta musu laifi: yaro har ya balaga, mai barci har ya farka, da mahaukaci har ya dawo hayyacinsa. Ni ga ni da shekara talatin da takwas, idona biyu, don haka ba sai an faɗa mini layin da aka sa ni ba. Kuma da tausayi ya faɗe ta, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da zagina ya yi, da na san yadda zan rama.

Ciwon nawa ba sabo ba ne. Irin wanda yake ɗaga mutum sama ne har ya ji duk duniya a tafin hannunsa take, daga baya ya jefar da shi ƙasa ko wanka ya gagare shi. Tashinsa na farko shi ya ci aurena, wannan kuma tsohon zance ne. Bayan nan na yi shekara goma sha ɗaya ina shan magani safe da yamma, ina zuwa aiki a sashen ajiye takardu na wata ma'aikata, ina zaune ni kaɗai a ɗan gidana mai ɗaki biyu a Arkilla, da bishiyar lemun tsami da na shuka da hannuna. Ba wanda ya taɓa tuna mini lokacin magani. Sai bana, wata biyu kafin azumi, na dubi ƙwayoyin nan na ce na gaji. Na ji garau, na ce ai na warke. Na daina sha, ban gaya wa kowa ba, ranar ganin likita ta zo na ƙi zuwa.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. An ce na hau teburin shugaban sashenmu na yi wa ma'aikata huɗuba, an ce an tsince ni a babbar kasuwa ba takalmi ina raba wa mutane kayan ɗakina. Watan azumi gaba ɗayansa ya shiga ya fita ban san ina duniya ba. Da aka sallame ni, maimakon Arkilla sai aka wuce da ni ɗakin Inna. Yaya ya sayi sabon kwaɗo ya datse gidana, ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Maganina kuma aka damƙa shi a hannun matarsa Saudatu, wadda na girma da shekara tara. Kullum sai ta zo da kofin ruwa da ƙwaya a tafin hannu, in na haɗiye ta ce, cikin kunya, "Anti, buɗe baki in gani." Ba laifinta ba ne, umarni aka ba ta. Amma duk ranar Allah sai na ji kamar in cije mata yatsa.

Abin da nake so bai da yawa: in koma gidana, mabuɗina da maganina a hannuna. Wurin aiki ma sun ce in dawo duk ranar da likita ya sa hannu, kuma ya sa. Yaya ne bai sa ba.

Na tare shi wata safiya bayan ɗalibai sun watse.

"Yaya, mabuɗina nika so."

"In kin warke, Khaula."

"Wa za shi ce na warke? Likita ya ce lahiyata lau."

"Mu da muka zaune da ke mu ka gani."

To, abin da suke gani ɗin ne matsala. In na yi magana da yawa, Inna da Saudatu su haɗa ido, ciwo ne. In na yi shiru, ciwo ne. In na yi dariya da ƙarfi a leƙo. In na ce miya ta yi gishiri, alhali wallahi ta yi, sai a ce, "To, to, kwantar da hankalinki." Mutumin da ko fushinsa ba nasa ba ne, da me zai nuna yana da hankali?

Na ce bari in bi ta hanyar gaskiya. Ranar wata Juma'a, muna tsakar gida mu huɗu, na ce musu, "Ku saurara. Ciwon ga da yat tashi, ni nij ja shi. Da hankalina nid daina shan magani, wata biyu cur, ina sane."

Inna ta ce, "A'a, ke dai ba ki sani ba. Mutanen wurin aikin ga naku ba su ƙaunar ki. Hannu anka sa miki."

Yaya ya ce, "Jarrabawa ta daga Allah. Kar ki ɗora ma kanki."

"Ciwon daga Allah shike, ban musa ba. Barin magani hwa? Shi ma Allah za ni ɗora mawa?"

"Ba laihinki na ba," in ji shi, da muryar nan.

Na shiga ɗaki na yi kukan takaici. Ka kawo laifinka a faranti ka miƙa, a ce maka ba naka ba ne. Na gane a ranar cewa wanda ya hana ka laifinka ya hana ka komai, don in ban isa in yi kuskure ba, ban isa in riƙe mabuɗi ba.

Hanyar ta buɗe mini ne ta inda ban zata ba. Damina ta kankama, gari ya yi sanyi, Saudatu ta fara rama azumin da ta sha. Ina kallonta tana jefa ƙanƙara a kunun tsamiya gab da magariba sai wani abu ya faɗo mini. Washegari na sami Yaya a zaure yana shirya littattafai.

"Yaya, ni hwa? Azumi talatin nis sha."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Babu komi bisa kanki. Ba ki cikin hayyacinki."

"Haka Baba yak karantar da mu?"

Hannunsa ya tsaya a kan littafin. Tare muka zauna a gaban Baba, Allah ya jiƙansa, shi a dama ni a hagu, kuma ni na fi shi hadda, ya sani na sani. Na karanto masa hukuncin a haddace, da Larabcinsa, na fassara masa kamar ɗalibi: a mazhabarmu, wanda hankalinsa ya gushe, ko shekaru ya yi a haka, in ya dawo ba ya rama salla amma yana rama azumi.

"In ya dawo, Yaya. To ɗayan biyu na. Ko na dawo, azumi talatin na bisa kaina, ka ba ni mabuɗina. Ko ban dawo ba, ka hwaɗi da bakinka nan cikin zauren Baba cewa mahaukaciya ta ka magana da kai."

Ya daɗe yana murza gemu. Mutum ne da ba ya iya yi wa littafi ƙarya in an buɗe masa shi, wannan kam na ba shi. Daga ƙarshe ya ce, "Akwai malamman da sunka sauwaƙa."

"Akwai. Amma da Saudatu ta tat tambaye ka, ba sauƙin za ka hwara kawo mata ba."

"Azumi za shi tayar miki da ciwo."

"Wanga kuma ba fanninka na ba. Akwai mai fannin."

Mai fannin shi ne Likita Gazali, wani siririn mutum mai yawan shiru da ya shekara shida yana duba ni. Shi kaɗai ne, ranar da na ce masa ni na daina shan magani, ya cire tabarau ya ce, "Kin yi wauta, Malama Khaula." Na kusa rungume shi. Da na kawo masa maganar ramuwa bai ce to ba, bai ce a'a ba. Ya sa aka ɗebi jinina, ya duba, sannan ya kafa mini sharuɗɗa. Ba a jere ba, Litinin da Alhamis kawai. Ƙwayar safe ta koma lokacin sahur, ta yamma bayan shan ruwa. Ruwa da yawa. Bayan asuba in koma in cike barcina. Sannan ya miƙo mini takarda ya ce in rubuta da hannuna alamomin da nake fara ji kafin ciwon ya tashi, tun kafin kowa ya gani.

Na yi tunani na rubuta uku. Barci ya ragu amma ban ji gajiya ba. Magana ta riƙa rige-rige a bakina. Ta ukun sai da na ji kunya kafin in rubuta: in fara jin cewa kowa kuskure yake yi, ni kaɗai ce zan gyara. Ya karanta ya yi ɗan murmushi ya ce wannan ta ukun rabin garin nan suna da ita. Sannan ya ce, "In biyu sunka haɗu, ki aje azumi, ki taho. Ba gobe ba."

Na ninke takardar na sa a jakata.

Haka na fara. Inna tana ta salati, Saudatu tana kawo ƙwaya da asuba tana hamma. Yaya bai hana ba, bai kuma sa albarka ba, ya dai zuba ido. Ni kuwa wani irin daɗi nake ji da ban taɓa ji a azumi ba. Yunwar tawa ce, ƙishirwar tawa ce, ba mai iya cewa buɗe baki in gani. Duk ranar da na kai, sai in ɗauki ƙwallon dabinon da na buɗe baki da shi in jefa a wani gwangwanin madara a kan tagar Inna, da ƙarfi, don a ji ƙararsa har zaure. Na san tsokana ce. Ai da gangan nake yi.

Ƙwallo goma sha tara ne a gwangwanin lokacin da ruwa ya ɗauke, zafin kaka ya sauko. Ranar wata Laraba na lura awa huɗu kawai na yi barci, na kuma tashi garau kamar an wanke ni. Na ce wa kaina zafi ne. Ranar Alhamis na ɗauki azumi na ashirin, barcin awa uku. Da hantsi ina zaune a tsakar gida, ɗaliban Yaya suna karatu a zaure, sai na ji wani ya ja wasali inda ba a ja. Na gyara masa a zuciyata. Wani ya sake yin wani kuskuren. Kafin in ankara na miƙe, mayafi a hannu, na nufi ƙofar zaure, da cikakkiyar niyyar in shiga tsakiyar maza ashirin in karɓe darasin, don a lokacin na tabbata Yaya ma bai iya ba, ni ce kawai na iya. Har na ji daɗin jawabin da zan yi yana taruwa a bakina.

A bakin ƙofar na tsaya. Ba wani ne ya riƙe ni ba. Inna tana ɗaki, Saudatu tana wanke-wanke ta ba ni baya. Na tsaya ne don na gane muryar da ke zuga ni, tsohuwar ƙawa ce, ita ce ta hau da ni teburin shugaban sashe. Na koma ɗaki na buɗe takardar, ko da yake na san abin da ke ciki. Biyu sun haɗu, ta barci da ta gyara kowa, ta maganar kuma tana hanya.

Ba zan ɓoye ba, na yi kokawa da kaina. Saura kwana goma sha ɗaya in cika. In na karya, Yaya ya ci gari. Ba wanda ya ga komai, zan iya daurewa zuwa magariba, in daure Litinin, in daure Alhamis. Sai na tuna haka na ce wa kaina wata biyu kafin azumi, cewa ba wanda zai sani.

Na fito tsakar gida, rana tsaka, na buɗe randa na cika moɗa, na ce bismillah da ƙarfi na shanye. Saudatu ta saki kwano.

"Anti! Azumi kika yi!"

"Na aje. Ɗauko mayahinki in za ki, Kware za ni."

Ta biyo ni tana gyara ɗankwali a hanya. Likita Gazali ya saurare ni, ya yi mini tambayoyi, ya ce an tare shi da wuri, ko kwanciya ba sai na yi ba. Ya ƙara mini wata ƙwaya ta kwana goma, ya ce azumi sai sanyi ya shigo. Da aka miƙo ledar magani Saudatu ta miƙa hannu yadda ta saba. Na riga ta. Na sa a jakata na ja zif, na dube ta. Baiwar Allah ta janye hannunta, ina jin ma hutu ta samu.

Na dawo gida ina jin kaina kamar wadda ta ci yaƙi. Yaya yana jirana a tsakar gida, ya harɗe hannu a baya.

"Kin gani ko? Mun hwaɗa miki."

"Mi kunka gani, Yaya? Kai ka gani? Inna ta gani? Kuna nan ku ukku kuna tsaro na kamar akuya, ciwo yaz zo har ƙohwar zaurenka ba wanda yas sani. Ni nig gane shi. Ni nik kai kaina."

"To, to. Shiga ki huta. Allah shi ƙara sauƙi."

"Mabuɗina hwa?"

"Yanzu da ciwon yat taso? Haba Khaula."

Wato da na ɓoye, da na cika talatin ya rasa ta cewa. Da na faɗi gaskiya, gaskiyar ce ta zama hujjarsa. Na dube shi na ji duk wata sha'awar in gamsar da shi ta fita daga raina. Na yi wata biyar ina neman ya ba ni takardar shaidar hankali, alhali ba shi ke ba da ita ba.

Ban yi gaggawa ba, don na san abin da gaggawa take nufi a jikina. Na shanye ƙwayar kwana goma. Na jira sai da na yi mako biyu ina barcin awa bakwai, ina rubutawa. Na koma wurin likita ya ce komai ya daidaita. Na tambayi kaina sau uku ko tsohuwar ƙawar ce ke magana, na ga ba ita ba ce, don ita ba ta iya jiran mako biyu. Sannan ranar wata Asabar da safe, Inna tana wanka, Saudatu ta shiga maƙwabta, na ɗauki jakata na fita. Na tare keke na ce Arkilla. Wayata kuma na kashe ta, don na san in na ji muryar Inna zan juyo.

Akwai wani kafinta a bakin layinmu, Malam Illo, dattijo ne, shi ya yi mini ƙofofi. Na ce ya zo da guduma.

"Hajiya, mabuɗin ya ɓace?"

"Bai ɓace ba, na san aljihun da shike. Gidan wa na?"

"Naki na."

"To buga."

Bugu uku kwaɗon ya faɗi. Ya sa mini sabo, ya miƙo mini 'ya'yan mabuɗi uku a zare. Gidan ya yi ƙura, gizo-gizo ko'ina, rabin kayan ɗakin babu, tunda da hannuna na rabar da su a kasuwa. Na tsaya na kalli wurin da kujeruna suke a da, ban ce sammu ne ba. Lemun tsamina kuwa damina ta riƙe shi, har da 'ya'ya. Na ɗaure ɗankwali na kama shara. Na jera maganina a kan tagar ɗakin girki inda yake zama shekara goma sha ɗaya.

Bayan la'asar na ji tsayuwar mota, na ji an bugo ƙofa ba sallama. Yaya ne. Hularsa a karkace, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi, ƙafafunsa butu-butu. Ban taɓa ganin sa haka ba. Ya dubi sabon kwaɗon, ya dube ni da tsintsiya a hannu, sai ya fashe.

"Ke wace irin marar kunya ta? Ke san halin da kib bar Inna? Tun hantsi tsohuwar ga take yawo cikin rana ba takalmin kirki, gida gida, har cikin Hubbare tash shiga tana tambayar baƙi ko sun ga ɗiyarta! Mun je kasuwa, mun je Ƙohwar Kware, mun je tasha! Yanzu haka tana kwance, jininta ya hau! Ki kashe waya? Da girmanki? Da karatunki? Ko sallama ba ki iya yi ma uwar da tah haihe ki? Wallahi Khaula ke ban kunya, kuma Allah sai ya tambaye ki hawayen tsohuwar ga!"

Maƙwabta sun fara leƙowa. Jijiyar wuyansa ta tashi, irin faɗan da yake yi mini tun muna yara in na ɓata masa allo. Ni kuwa ina tsaye hawaye yana zubo mini, bakina kuma ya ƙi rufuwa don murmushi.

"Dariya ma kika yi?"

"Allah za shi tambaye ni, kac ce?"

"Ƙwarai kuwa!"

Sai ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya yana haki.

Na ajiye tsintsiyar. "Ka yi gaskiya, Yaya. Na yi laihi, babba. Tsoro nij ji kar ta hana ni, shi yas sa nig gudu kamar ɓarauniya, kuma ba hujja ta ba. Da hankalina niy yi. Yanzu za ni bi ka in durƙusa gabanta, in ta ga dama ta mare ni. In na gama, nan za ni dawo in kwana."

Ya gyara hularsa. Na buɗe jaka na ciro takardar nan mai alamomi uku, na kwafe ta tun jiya, na miƙa masa. Na zare ɗaya daga cikin 'ya'yan mabuɗin na ɗora a kai.

"Wanga ni nib ba ka, ba kai kaɗ ɗauka ba. Ciwon ga ba warkewa shikai ba, za shi sake gwada ni, wata rana ma shina iya riga na. In ka ga biyu cikin ukkun ga, ka taho ka hwaɗa min cikin idona, da irin muryar ga ta yau. In ban ji ba, ga lambar likita nan ƙasa, na yarda ka kira. Amma in ka sake yi min muryar jinjiri, sai na canza kwaɗo."

Ya karanta takardar a hankali. Da ya zo ta ukun na ga gefen bakinsa ya motsa, amma ya danne, don bai gama fushi ba. Ya ninke ta ya sa a aljihu tare da mabuɗin. Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya ciro tsohon mabuɗin da ya riƙe wata shida, ya jujjuya shi, ya ga ba abin da zai buɗe, ya ajiye a kan taga kusa da maganina.

"Ɗauko mayahinki," ya ce, fuska a ɗaure. Har ya kai ƙofa ya juyo. "Kuma kar ki ga kamar na manta. Na ƙirga gwangwanin ga naki. Ranar da kik karya ba ta shiga ba. Sha ɗaya na bisa kanki, kahin wani azumi."

"Na sani."

"Kuma kwanon Inna na Makka, ke kih hwasa shi."

"Ni nih hwasa shi," na ce. Na kulle gidana na bi shi mota.